Dareta: Daga Gubar Dalma Zuwa Ƙwaya, Wa Zai Kai Magani Ƙauye?

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau a yammacin Zamfara, sai suka riƙa jin labari iri ɗaya daga ƙauye zuwa ƙauye. Yara ƙanana suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Tun kafin yaran, agwagi ne suka fara ƙarewa a garuruwan, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka kai jini gwaji sai aka gano dalma. A watan Mayu da Yuni na shekarar, masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari dalmar da ke jininsu ta kai matakin da dole a ba su maganin fitar da ita. Jimillar yaran da annobar ta kashe a jihar ta haura 400.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Farashin zinare ya tashi a duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, har oza ɗaya ta wuce dala 1,200 a 2010. Manomin da damina kaɗai ke ciyar da shi ya ga rami ya fi gona biya. Duwatsun da ake haƙowa a wannan yanki kuwa cike suke da dalma. Aka riƙa shigo da su cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, ana shanya su a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka take amfani da shi a lokacin don wurin wasan yara 400 ne.

Wannan labari an sha ba da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda aka shawo kan abin, kuma a nan ne nake ganin Dareta tana da abin koya wa masu maganar shaye-shaye a karkara.

Likitocin MSF sun buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, amma suka kafa sharaɗi mai nauyi: ba za a ɗora yaro a kan maganin fitar da dalma ba matuƙar gidan da zai koma bai tsarkaka ba. Dalilinsu na ilimi ne. Maganin yana jawo dalmar daga jini, ya fitar da ita ta fitsari, amma idan yaron ya koma yana shaƙar ƙurar nan, aikin banza aka yi. Don haka sai da aka fara da ƙasa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith suka kawo dabara da na'urar aunawa, ma'aikatar muhalli ta jiha ta ba da ma'aikata, amma masu riƙe da fartanya da shebur 'yan garin ne. Su suka kankare saman ƙasar kowane gida, suka ɗura a buhu, aka kai rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. An gama Dareta da 'Yargalma a farkon daminar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza tsakanin ƙarshen shekarar da farkon 2011.

Baƙo ba ya shiga gidan Bazamfare ya kankare masa tsakar gida don kawai yana riƙe da takardar gwamnati. Sai maigida ya yarda, maigida kuwa sai ya ji daga bakin mai unguwa, mai unguwa daga hakimi, hakimi daga fada. Da farko mutane sun ɓoye mace-macen, don tsoron kada a hana su haƙar da suke ci da ita. Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne da aka daina cewa «ku bar zinare» aka koma cewa «ku fitar da niƙa bayan gari». Masarautu suka ba da wannan umarni, aka kuma bi, domin umarni ne da mutum zai iya bi ba tare da ya kwana da yunwa ba. Cikin gidajen kulle kuma mata ma'aikata ne suka shiga suka yi wa iyaye mata bayani. Daga baya jinyar ma ta bar asibiti ta koma ƙauyukan, uwa ta karɓi maganin ɗanta ba tare da ta bar sauran 'ya'yanta makonni ba.

Inda aikin ya rataya a wuyan Abuja kaɗai, nan ya yi tsami. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta zauna jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin bai fito ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lambar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da gangamin matasan Follow The Money ƙarƙashin Hamzat Lawal. Yara kimanin 1,500 suka yi kusan shekara uku da guba a jini saboda takarda ba ta bar wani tebur ba. A watan Fabrairun 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha, bayan ta gwada yara 8,480, ta ba 3,549 daga cikinsu maganin fitar da dalma.

Guba ta biyu

Ramin da ya kawo dalma bai tsaya nan ba. Duk wanda ya san wuraren haƙar zinare na gargajiya, daga Anka da Maru zuwa Djado a arewacin Nijar, ya san akwai kasuwar da take bin masu haƙa duk inda suka yada zango: mai shayi, mai abinci, mai cajin waya, da mai ƙwaya. Taramol, kodin, rochi, diyazefam, ekzol, wiwi, sholisho ga wanda aljihunsa bai kai ba.

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabata, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe ciwo ne irin su taramol da kodin suka sha ba da umarnin likita ba. Arewa maso Yamma tana da kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3, Zamfara kuma tana cikin jihohin da ke sama a shiyyar. A faɗin ƙasar, ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce. Binciken ya tsaya ne a matakin jiha, amma adadin da ya fi shafar ƙauye shi ne wannan: cikin waɗanda shaye-shayensu ya kai matakin haɗari, kusan kashi 40 sun ce sun so magani ba su samu ba, saboda tsada, ko kunya, ko rashin wurin zuwa.

Mun saba jin cewa lalacewar tarbiyya ce. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma bayanin bai isa ba, kuma ya fi sauƙi a bakin wanda bai taɓa shiga rami ba. Mai haƙa yana sauka cikin rami mai zurfin gaba da yawa, ba iska, ba haske sai tocila a goshi, yana saran dutse a durƙushe yini guda, yana sane da cewa ramin kan rufta. Ana biyansa da abin da ya fito da shi, ba da awannin da ya yi ba. Taramol tana kashe ciwon baya da na gaɓoɓi, tana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu ɗaga zuciya, shi ya sa mai shanta ke jin ƙarfi da rashin tsoro. A idonsa kayan aiki ce, kamar diga. Haka take ga ɗan acaɓa, da mai noman ƙodago, da mai dako a kasuwa. Yawancinsu ba don nishaɗi suka fara ba, don su kai yamma ne.

Akwai kuma wata mahaɗa da nake ganin ta cancanci likitocin yankin su duba. Dalma a jikin babba tana jawo ciwon ciki mai murɗa, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, kasala, saurin fushi, da raunin mazakuta. Waɗannan su ne ainihin koke-koken da ke kai mutum wurin mai kemis ya ce a ba shi «mai ƙarfi». Shirin 2010 ya mai da hankali ne kan yara 'yan ƙasa da biyar, don su ne ke mutuwa, kuma daidai ne. Amma mai niƙa dutse da ƙura ta rufe masa gira, idan ya zo yana neman ƙwayar ciwon jiki, gwajin jini ya fi wa'azi kusa da matsalarsa.

Ta ɓangaren kawo kaya kuwa, labarin ya ninka. Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'a, a Oktoban 1999, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, giya ta bar fili. Ƙwaya kuwa ba ta wari, ba ta kwalba mai tona asiri, tana shiga aljihu, kuma sunanta magani. Maganin tari mai kodin ya shiga har ɗakunan matan aure ta wannan ƙofa. Bayan fim ɗin binciken BBC na ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin cikin kwana ɗaya. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara dokar fitar da taramol. Kasuwa ba ta mutu ba, riga ta sauya. Ƙwayar taramol da aka amince da ita a Najeriya mai miligiram 50 ce da 100, amma wadda ke yawo a kasuwa mai 225 ce. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna wani kamfani a Mumbai yana haɗa tafentadol da karisofurodol, haɗin da ba ƙasar da ta amince da shi, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, musamman tun da Buba Marwa ya hau shugabancinta a 2021, tana kama kwantena-kwantena a Apapa da Onne, an kuma tashi dillalan magani daga Sabon Gari a Kano zuwa Dangwauro a 2024 don a iya sa musu ido. Duk wannan yana da amfani, yana tsadar da ƙwaya. Sai dai wanda jikinsa ya riga ya kamu, tsada ba ta warkar da shi. Akuyar matarsa takan biya bambancin.

Sai rashin tsaro, wanda ya jagula komai. A Janairun 2022 an kashe mutane kusan 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira, har filin da aka tanada don sabuwar fadar sarki ya zama sansani. Wanda ya ga an yanka ɗan'uwansa, ko matar da ta dawo daga daji bayan an biya kuɗin fansa, barci ba ya zuwa musu da sauƙi, kuma diyazefam tana nan a kan tire da kuɗi kaɗan. A ɗaya gefen, su kansu 'yan bindiga manyan masu saye ne, jami'an tsaro sun sha kama masu kai musu ƙwaya tare da masu kai fetur da burodi. Yaron da aka saba masa da ƙwaya a bakin rami ya riga ya san dillalin da daji ya sani. Wannan ne ya sa hukuma take kallon duk mai shan ƙwaya a karkarar Zamfara da idon tsaro kafin idon jinya, shi kuma yake ƙara ɓuya.

Kada a manta da yaran 2010. Waɗanda suka rayu yau samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓawar da ba ta gogewa: raunin fahimta, wahalar mai da hankali, gaggawar yanke hukunci. Wani dogon bincike a Cincinnati ta Amurka ya danganta dalmar ƙuruciya da yawan faɗawa hannun 'yan sanda a girma. Wani a Dunedin ta New Zealand ya tabbatar da raguwar fahimta, amma bai ga alaƙa mai ƙarfi da aikata laifi ba. Saboda haka zalunci ne a shafa wa samarin Dareta da Bagega baƙin fenti. Abin da za a iya faɗa shi ne, yaron da karatu ya yi masa wuya, a garin da makaranta takan rufe saboda hari, rami ne ke jiransa, kuma shi ya fi kowa cancantar a bi sawunsa. Sunayensu suna cikin rajistar shirin da aka miƙa wa jiha.

Ina mai neman magani zai nufa?

A ce wani uba a Dareta ya ga ɗansa ya faɗi yana jijjiga, kumfa a baki. Taramol mai yawa tana jawo irin wannan farfaɗiya. Fassarar farko a gida ita ce iska, kamar yadda aka fassara jijjigar yara a 2010. Za a fara da malam, da rubutu da turare. Idan an gane ƙwaya ce, yaron ya yi niyyar bari, kwana biyu zuwa uku na farko zai sha gumi, gudawa, ciwon ƙashi, rashin barci da fargaba, har ya ji kamar ransa zai fita. A nan yawanci ake komawa ruwa. Wannan mataki ma'aikacin lafiya mai horo zai iya sauƙaƙa shi da rage ƙwayar sannu a hankali da magunguna masu araha.

Amma ina ma'aikacin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma suna birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa yana Kware a jihar Sakkwato, sai na Barnawa a Kaduna. Gusau tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin Yariman Bakura, amma hanyar Anka zuwa Gusau ba hanyar da ake hawa da kwanciyar rai ba ce. A 2024 MSF ta ce cikin cibiyoyin lafiya kusan 700 na jihar, kimanin 200 ne kawai ake iya amfani da su, a shekarar da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya. Ƙididdigar talauci ta 2019 ta sa kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara a ƙasan layi, a ƙasar da fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Ɗan babban ma'aikaci a Gusau za a kai shi Kaduna ko Abuja a asirce, ya dawo a ce ya je kwas. Ɗan mai haƙa kuwa mari ne rabonsa.

Mun ga inda wannan ke kaiwa. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Cikin makonni aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya. An rufe su, an kuma yi daidai. Amma iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, har suna biya, kuma ba don ƙiyayya ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙi a takarda. Ba ta gina masa ɗaki a Gummi ba.

Haɗa hannu da mutanen gari ba sabon abu ba ne a likitancin ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara shirin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. A 2020 mujallar Lancet ta buga gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar majinyata a wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a. Waɗanda aka yi wa wannan haɗaka sun fi samun sauƙi. Gwajin kan taɓin hankali ne, ba shaye-shaye ba, amma ya nuna malam da ma'aikacin lafiya suna iya aiki a kan mutum ɗaya. Kusa da gida kuma ga shan-inna. Zamfara tana cikin jihohin da suka dakatar da rigakafi a 2003. Kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, wanda aka kafa a 2009 da jagorancin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, yana cikin abin da ya juya lamarin, har aka ayyana ƙasar ta rabu da nau'in cutar na asali a Agustan 2020.

To su wa za a haɗa a Anka, Gummi da Bukkuyum? Ma'aikacin ɗakin shan magani ne ginshiƙi, domin shi ne kaɗai hannun likitanci da ke kwana a gari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhaja tun 2008, mhGAP, don koya wa irinsa gane shaye-shaye da damuwa da farfaɗiya, da abin da zai iya yi, da lokacin da zai tura gaba, an kuma gwada ta a jihohi irin su Binuwai. Liman shi zai faɗa a mumbari cewa kamuwa da ƙwaya ciwo ne mai magani, neman maganin kuma ba tonon asiri ba ne. Ungozoma da malamar Islamiyya su ne za su san matar da kwalba ke ƙarƙashin gadonta, ba wani namiji da zai sani. Kuɗin mota da na magani ga wanda sai an tura shi Kware, wannan aikin Hukumar Zakka da Waƙafi ne, wadda Zamfara ta riga sauran jihohi kafawa, tare da asusun lafiya na matakin farko da dokar 2014 ta ware wa kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya.

Mutum biyu ne ake yawan tsallakewa, kuma su suka fi muhimmanci. Na farko mai rami, wanda ke ɗaukar leburori yana ciyar da su. Shi ya san wanda ba ya sauka sai ya haɗiya, wani lokaci ma shi ke sayo musu. Na biyu mai kemis, wanda shi ne likitan ƙauye na haƙiƙa, ko mun so ko mun ƙi. Za a ce ai su ne masu cin ribar abin. Haka ne. Amma masu niƙa dutse ma su ne suka kawo dalma gida, kuma da su aka gyara. Lokacin da MSF da ƙungiyar OK International suka gwada niƙa da feshin ruwa, da wanka da sauya kaya kafin komawa gida, dalmar da ke jinin masu haƙar da aka bibiya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sun karɓa ne don an zo musu da hanyar da ba ta taɓa abincinsu ba. Mai rami yana da nasa lissafin: lebura mai farfaɗiya a ƙarƙashin ƙasa asara ce gare shi. Mai kemis mai rajista kuma yana da lasisin da zai kare, yana da ƙungiya, kuma mai tallan ƙwaya a tire kishiyarsa ne.

Ban ce hanyar a share take ba. Sarauta a Zamfara ba ta fita daga rikicin nan da farar riga duka ba: an tuɓe Sarkin Maru a 2019, na Zurmi da na Ɗansadau a 2022, bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, kuma akwai garuruwan da mai unguwa ba ya iya cewa komai sai da izinin daji. Sannan ƙauye ba ya riƙe sirri. Dalma ba abin kunya ba ce, uwa takan ɗauko ɗanta a bainar jama'a. Ƙwaya kuwa tana hana aure. Idan aka rataya allo a ƙofar wani ɗaki aka rubuta na masu shaye-shaye ne, ba mai shiga. Dole jinyar ta ɓuya cikin jinyar yau da kullum, mutum ya shiga kamar mai ciwon baya, wanda sau da yawa ma shi ne. Haka kuma ranar da rajistar ɗakin magani ta isa hannun Hisba ko 'yan sanda ko askarawan jiha, ranar shirin ya mutu. Kama dillali aikin hukuma ne, amma wanda ya kawo kansa neman magani ba a haɗa shi da wannan layi.

Haɗarin da ya fi damuna dabam ne. Kalmar haɗin gwiwa ta zama mafakar gwamnatoci: a tara sarakuna da malamai a otal a Gusau, a ɗauki hoto, a ce an miƙa wa al'umma. A Dareta mutanen gari sun ba da ƙarfi da izini, amma na'urar aunawa, da maganin, da albashin ma'aikata, wani ne ya biya, kuma yawancinsa daga waje ya zo. Jinyar shaye-shaye ta fi ta dalma tsawo, mutum yakan bari ya koma, ya sake bari. Ba aikin da baƙo zai yi ya tafi ba ne, sai an sa shi a kasafin jiha da na ƙaramar hukuma, da sunan ma'aikaci da kuɗin maganinsa.

Dama ɗaya tana buɗe yanzu. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa wa Zamfara a Afrilun 2019 bai hana haƙa ba, ya dai mai da ita hannun masu bindiga, ya kuma nesanta masu haƙa daga duk wani ma'aikacin lafiya. Ministan ma'adinai Dele Alake ya ɗage shi a Disambar 2024, kuma a 2025 oza ta zinare ta haura dala 3,000, fiye da ninki biyu na farashin da ya jefa Dareta cikin masifa. Za a yi rajistar ƙungiyoyin masu haƙa, za a ba kamfanoni lasisi, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki a cikinsa. Irin wannan yarjejeniya takan ƙare a rijiyar burtsatse da ajujuwa biyu. Hakiman Anka da Bukkuyum da za su sa hannu suna da hurumin su nemi a rubuta gwajin dalma ga manya da yara, da ma'aikacin lafiya mai horon shaye-shaye a kusa da wurin niƙa, da wanda zai biya shi kowane wata.